Ciki Ya Cika, Ƙashi Yana Jin Yunwa

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san ranar da kaza takan saka ƙwai mai ɓawo laushi kamar fata. Ba ma cewa an yi mata sammu. Mun san abinci ne ya gaza, sai mu nemo garin ƙashi mu zuba mata a cikin dusa, bayan 'yan kwanaki ƙwai ya koma daidai. Mai noman gyaɗa kuma ya san shekarar da ganye zai yi kore shar, amma in an tone sai a tarar da ɓawo babu ƙwaya. Malaman gona sun daɗe suna ce mana mu sa takin supa, gama a cikinsa akwai abin da gyaɗa take bukata kafin ta cika. To, abin da kazar ta rasa da abin da gyaɗar ta rasa abu ɗaya ne. Likitoci suna kiransa kalsiyam. Shi ne kuma yake gina ƙashi da haƙori a jikin ɗan Adam.

Muna lura da shi a kaji, muna sayensa da kuɗi domin gona, amma ban taɓa jin an tashi a taron ƙungiyar gama kai an tambaya ko yaranmu suna samunsa ba. Ra'ayina shi ne, wannan magana ta ƙungiya ce, a rubuta ta a littafin taro kusa da maganar taki da iri da injin ban ruwa. Bai kamata a bar wa mata ita su kaɗai a bakin murhu ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki a jiki. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙori. Ɗan kaɗan ɗin da ya rage yana yawo a cikin jini, amma wannan ɗan kaɗan shi ne yake sa jijiya ta kai saƙo, tsoka ta motsa, zuciya ta buga daidai. Ku ɗauka ƙashi rumbu ne, jini kuwa tukunyar da ke bisa wuta. Jiki ba ya yarda tukunya ta zauna wayam. In abinci bai kawo kalsiyam ba, akwai wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi guda huɗu a wuya, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, su ne sukan ba da umarni a buɗe rumbu. Sai a riƙa ɗiba daga ƙashi ana zuba wa jini. Babba yana iya jure wannan har shekaru, gama rumbunsa ya riga ya ginu. Yaro kuwa rumbunsa ana kan gininsa ne, laka ba ta bushe ba. In aka riƙa ɗiba ba a zubawa, ƙashi sai ya yi laushi, nauyin jiki ya lanƙwasa shi.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san abin da zai duba. Wuyan hannu yakan yi kauri kamar ya kumbura. A ƙirji, inda haƙarƙari ya haɗu da guringuntsi, akan ji ƙulli-ƙulli a jere kamar duwatsun wuya. Maɗiga ba ta rufe ba har yaro ya shekara biyu. Haƙora su yi jinkiri. Yaro ya ƙi tafiya, ko ya fara ya daina, ya riƙa kuka in an tsai da shi. Daga baya ƙafa ta lanƙwashe kamar baka, ko gwiwoyi su haɗu ya zama gwame, ko kuwa duka biyu su karkata gefe guda kamar dawar da iska ta kwantar. A nan a yi hankali: yawancin yara 'yan ƙasa da shekara biyu ƙafarsu takan ɗan yi baka, ta kuma miƙe da kanta. Wadda ake tsoro ita ce wadda take ƙaruwa, da ciwo, yaron kuma ba ya girma kamar tsararrakinsa.

Jariri nasa ya fi sauri, ya kuma fi haɗari. Shi rumbunsa ƙarami ne ƙwarai, in jini ya rasa kalsiyam ba ya jira sai ƙafa ta lanƙwashe. Sai a ga yana karkarwa, yatsu suna ƙandarewa, numfashi yana ƙara kamar kukan zakara ƙarami, ko kuwa ya kama jijjiga alhali jikinsa babu zazzaɓi. Wani lokaci har zuciya takan raunana. An fi ganin wannan ga bakwaini, da jaririn da ya sha wuya wajen haihuwa, da wanda uwarsa take da ciwon sukari, da wanda uwarsa ba ta samun rana. Akwai kuma wani dalili da zai ba makiyaya mamaki: madarar shanu. Ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, madarar shanu abinci ce mai kyau ƙwarai. Ga jariri sabon haihuwa kuwa tana da wani sinadari, fosfeto, da yawa fiye da yadda ƙodarsa za ta iya tacewa, shi kuma yakan ja kalsiyam na jini ƙasa har jariri ya yi jijjiga. Saboda haka in uwa ta rasu, ko nono ya ƙi zuwa, kada a ɗebo madarar saniya a ɗura wa jinjiri. A je wurin ungozoma ko malamin asibiti a nemi shawara. Wata shida na fari nonon uwa zalla ne abincinsa, a kuma ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara biyu.

Jijjiga tana da iyaye da yawa: zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, ƙarancin sukari a jini, ƙarancin kalsiyam. Ido ba ya rarrabe su, sai gwajin jini. A kwantar da yaro ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa jiƙo ko manja, kada a kara ƙafarsa a wuta. A ɗauke shi nan da nan zuwa Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, ko wanda ya fi kusa. In kalsiyam ne ya yi ƙasa, akan ba shi ta jijiya sannu a hankali, likita yana sauraron zuciya. Mu yi addu'a, i, amma mu yi ta a kan hanya.

Yanzu ga abin da ya sa na ce wannan maganar manoma ce. Shekaru da yawa littattafan likitoci suna koyar da cewa laushin ƙashi ciwon ƙasashen sanyi ne. A biranen Ingila na zamanin hayaƙin masana'antu yara ba sa ganin rana, fatar jiki kuwa sai da rana take yin bitamin D, wanda shi ne yake buɗe wa kalsiyam ƙofa daga hanji zuwa jini. To, mu da rana take gasa mu tun daga Fabrairu har Mayu, me zai kawo mana wannan ciwo? Amma ga yara masu lanƙwasassun ƙafafu suna ta zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka ɗauki yara 123 masu wannan ciwo, suka raba su kashi uku. Kashi ɗaya aka yi musu allurar bitamin D, kashi ɗaya aka ba su kalsiyam miligiram 1,000 kullum, na ukun aka haɗa musu duka biyu, har mako 24. Aka buga sakamakon a 1999. Cikin waɗanda suka sami kalsiyam, ko shi kaɗai ko tare da bitamin D, wajen shida cikin goma ƙashinsu ya kama hanyar warkewa sosai. Cikin waɗanda suka sami bitamin D kaɗai, wajen biyu cikin goma. Ashe rana ba ta gaza ba, tukunya ce ta gaza.

Akwai wani abu a cikin wannan bincike da ya fi tsaya mini a rai. Da aka auna abincin yaran, aka tarar suna samun kalsiyam wajen miligiram 200 a rana. Da aka auna na maƙwabtansu masu ƙafa miƙaƙƙiya, su ma wajen 200 ne. Watau dukan unguwa tana bakin rami ɗaya, wasu ne kawai suka riga faɗawa. A 2016 masana daga ƙasashe da yawa suka haɗu a kan ma'auni: yaron da ya wuce shekara ɗaya, in yana samun ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗari, abin da zai ishe shi kuwa ya wuce 500. Suka kuma ce a ba kowane jariri ɗigon bitamin D, ma'auni 400 kullum, a shekararsa ta fari, gama nonon uwa ba shi da shi da yawa, jinjiri kuma kullum yana ɗaki ko a goye cikin zane. Wajen magani, haɗa kalsiyam da bitamin D shi ne ya fi.

To, mu auna akushinmu. Allah ya sa wa wannan kwari na Rima albarka da shinkafa. Tun watan Nuwamba na 2015, da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi, noman rani ya bunƙasa a fadamu, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar gyaran shinkafa ta WACOT a Argungu. Gidaje da yawa sun yi rufin kwano, an sayi babura, an biya kuɗin makaranta. Ba na raina wannan ko kaɗan. Amma gyararriyar shinkafa giram 100 ba ta kai miligiram 30 na kalsiyam ba. Masara ta fi ta talauci. Gero da dawa sun ɗan fi, amma ba da yawa ba, a cikin dusarsu kuma akwai wani abu da yake ɗaure ɗan kalsiyam ɗin ya hana hanji shansa. Yaron da aka yaye ya sha kunu da safe, ya ci shinkafa da mai da yaji da rana, ya ci tuwo da dare, cikinsa ya cika tim, uwarsa ta kwanta da kwanciyar rai, amma daga hatsin nan duka da ƙyar ya sami miligiram 100. Lokacin yaye shi ne lokacin da aka fi faɗawa, gama an rufe ƙofar nono ba a buɗe wata ba.

Abin takaici, maganin yana wucewa ta ƙofar gidanmu kowace safiya a kan hanyarsa ta zuwa kasuwa. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, rubu'in lita, yana da wajen miligiram 300. Na ce kindirmo, ban ce tsala da aka tsinka da ruwa ba. Busasshen ganyen kuka da na zogale, giram 100 yana da fiye da miligiram 1,000. Riɗi da ba a cire masa ɓawo ba yana kusa da haka. Tamba, wadda 'yan'uwanmu na Filato da kudancin Kaduna suke nomawa, ta ninka shinkafa fiye da sau goma. Sai dai mu faɗi gaskiya game da miyar kuka: cokali uku ko huɗu ake kaɗawa a tukunyar mutum goma sha biyu, yaro kuma ɗan dangwale yake yi. Abin da ya isa bakinsa bai taka kara ya karya ba. Sai an zuba masa nasa dabam a cikin kununsa.

Sa'an nan kifi. Duniya ta san Argungu da kifi. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara aka shirya masa su, bikin nan yake jawo baƙi zuwa Matan Fada, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya za ta kiyaye. A bikin 2020 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Ana buga kalangu saboda giwan ruwa, amma a wajen ƙashin yaro giwan ruwa ba shi ne sarki ba. Tsokar kifi tana gina jiki, kalsiyam kuwa a ƙaya da kai yake, su ne kuma muke tsamewa mu jefa wa kyanwa kafin mu ba yaro, don kada ya maƙale masa. Ƙananan kifi da ake ci ɗungum, irin warangi da ake kawowa daga Yauri, busasshensu giram 100 yakan wuce miligiram 1,000, wani ma ya ninka. In an gasa su sama-sama aka daka aka tankaɗe da rariya mai laushi, ƙaya ta zama gari, babu abin da zai maƙale. Haka kawunan tarwaɗa da ƙayoyin banda. Wannan ba zancen baka ba ne: a 2015 likitocin nan na Jos suka buga wani gwaji inda suka yi wa yara masu laushin ƙashi magani, wasu da niƙaƙƙen busasshen kifi, wasu da garin dutsen farar ƙasa, duka biyu kuma suka yi aiki.

Kada wani ya ji haka ya ce ai ƙasar Sakkwato cike take da wannan dutse, da shi ake yin siminti a Kalambaina, bari ya fasa ya daka wa yara. Na likitoci an gwada shi a ɗakin bincike kafin a ba kowa. Dutsen da ba a gwada ba yana iya ɗauke da dalma, ba mu kuwa manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Kanwa ma ba kalsiyam ba ce, ko da yake fara ce. Kunun kanwa ba ya ƙara wa mai jego ƙashi, yawansa ma yakan wahal da zuciya.

Na san abin da za a ce a taro. Wani zai ce gwame gado ne, kakan yaron ma haka yake. Akwai irin na gado, gaskiya ne, likita ne kuma zai rarrabe. Amma sau da yawa abin da aka gada shi ne tukunya: kaka ya girma da kunu zalla, jika ma haka. Wani zai ce kifi da nono kuɗi ne, ba za a ci jari ba. Wannan magana ce mai nauyi a shekarun nan da komai ya yi tsada, ba kuwa zan yi kamar ban ji ta ba. Sai dai ku duba yawan abin da ake nema. Cokali ɗaya cike na garin kifi a rana, wajen giram 10, ga yaro ɗaya. A wata giram 300, bai kai rabin kilo ba. Ku sa wannan a gefe guda, ku sa kuɗin mota zuwa Sakkwato da kuɗin aikin gyaran ƙafa a ɗaya gefen, in an bari har ƙashi ya ƙandare a karkace. In an kama ciwon da wuri, yawancin ƙafafun nan sukan miƙe da magani da abinci kaɗai, ba wuƙa. Game da 'ya mace kuma akwai wani lissafi na nesa: ƙashin ƙugu da ya tsuke tun tana ƙarama yana iya hana ta haihuwa lafiya bayan shekara goma sha biyar ko ashirin. Doguwar naƙuda kuwa mun san abin da take bari a baya.

Mai cewa wannan aikin mata ne, sai in tambaye shi: wa yake riƙe da makullin rumbu? Wa yake yanke shawarar buhu nawa za a sayar, kifi nawa za a kai kasuwa, ko za a bar wa gida nonon saniyar da aka saya da kuɗin ƙungiya? Zumuntar Mata tana iya koyar da dahuwa daga nan har Kirsimeti, in mai gida bai kawo abin dahuwar ba, sai dai a koma gida da waƙa.

Ga abin da nake roƙon kowace ƙungiya ta tattauna kafin kaka. A lokacin da ruwa ya janye kifi ya yi araha, ƙungiya ta sayi ƙananan busassun kifi a dunƙule, kamar yadda muke sayen taki a dunƙule, a hannun masuntan da muka sani. Wannan sanin yana da muhimmanci, gama akwai 'yan kasuwa masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa, irin wannan kuwa guba ne ga yaro. Kada kuma mu zama dalilin da za a sa taru mai ƙananan idanu a kwashe 'ya'yan manyan kifi. Dokar Sarkin Ruwa ta hana su a wasu wurare da wasu lokatai tana da hikima, mu bi ta. A gasa, a niƙa a injin ƙungiya bayan an wanke shi, a haɗa da garin kuka ko zogale da aka shanya a inuwa, da ɗan riɗi, a zuba a kwalabe masu murfi a ajiye inda babu laima. A yi kaɗan-kaɗan, na wata ɗaya ko biyu, don kada ya yi ɗoyi. Kowane gida mai yaro daga wata shida zuwa shekara biyar ya karɓi rabonsa, a cire kuɗin daga ribar shinkafa kafin a raba. Gwauruwa da marayu a ba su daga baikon godiya na kaka. Maƙwabtanmu Musulmi da muke noma fadama ɗaya da su, in sun nema, a sayar musu a kan kuɗin da aka kashe, gama yaransu da namu a rafi ɗaya suke wanka.

Zogale ba ya bukatar rance. A dasa shi a shingen majami'a da bakin kowace rijiyar ban ruwa, inda ruwa yake zuba a banza. A daina sare kuka don faɗaɗa gona. Gasarar kunun yara a jiƙa ta ta kwana ta yi tsami kamar yadda iyayenmu suke yi, gama jiƙo da tsami suna rage abin nan da yake ɗaure kalsiyam. Mai ciki da mai shayarwa su sami nasu kofin nono, su kuma fita su sha hantsi tare da jinjiri, ba sai an jira kwana arba'in ba.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko kwabo. Sau ɗaya a wata uku, bayan sujada, a roƙi malamin asibiti ko nas da ke cikin ikilisiya ya zauna a ƙarƙashin bishiya, a jera yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya taɓa wuyan hannu, ya shafa ƙirji da maɗiga, ya sa su yi tafiya daga nan zuwa can. Wanda aka ga alama a jikinsa, magatakarda ya rubuta sunansa, ma'aji ya fitar da kuɗin mota, a sa ranar da za a kai shi asibiti kafin a tashi daga taron.